Yadda Ake Bin Sawun Ɗalibin da Ya Yi Fashi Tun Bai Kai ga Barin Makaranta Ba

Na daɗe ina riƙe da aji a wata firamare da ke bakin garin Sakkwato kafin a ɗora mini shugabancin makaranta, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa ganin yaron da ya tashi rana ɗaya ya ce ya bar boko ba. A hankali ake zamewa. Wannan Litinin ba a gan shi ba, mako mai zuwa ya yi kwana biyu, bayan Sallah ya ƙara wa kansa mako guda a kan hutu, har a wayi gari malami ya kira sunansa 'yan aji su amsa da baki ɗaya, “Ya daina zuwa, Malam.” Abin da ke ci mini rai shi ne duk waɗannan kwanakin suna nan cikin rajista, da hannun malamin kansa aka rubuta su. An rubuta, an rufe littafi, ba wanda ya sake waiwaya.

Hanyar da zan shimfiɗa a nan mun bi ta mun ga amfaninta. Malamin aji na fi nufa da ita, sai hedimasta, amma uba ko uwar da ke son sanin abin da ya kamata makaranta ta yi in ɗansu bai je ba, su ma za su samu abin ɗauka.

Fara da kafa ƙa'ida, tun makon farko

Tun ran gini ran zane. A makon farko na zangon farko, cikin Satumba, a tara iyaye a gaya musu abu huɗu ƙarara: ƙarfe nawa ake shiga aji, wa za a sanar in yaro ba zai zo ba, wane uzuri makaranta ke karɓa, da abin da zai biyo baya in an ji shiru. Uzurin da muke karɓa bai da yawa: rashin lafiya, rasuwa a gida, tafiyar da ta zama dole, ruwan da ya yanke hanya, ko tsoro a kan hanya. Talla, aike, kasuwa da biki ba sa ciki. A rubuta wannan a takarda ɗaya da Hausar boko, a samu mai kyan hannu ya kwafe ta da ajami, domin a ƙasar nan akwai dattawa da yawa da ajami ya fi zauna musu a ido. A liƙa ɗaya a ƙofar ofis, a kai wa liman ɗaya, a kai wa mai unguwa ɗaya.

A wannan makon ne kuma malamin aji zai sayi littafin rubutu na daban, wanda mu muke kira littafin fashi. Kowane yaro a ba shi rabin shafi: sunansa, sunan mahaifi ko mariƙi, unguwa da wata alama ta gane gida (bayan masallacin Juma'a, kusa da injin niƙa), lambar waya biyu, da sunan makarantar allon da yake zuwa. Na ce lamba biyu ne saboda wayar mai gida kan tafi ci-rani tare da shi, ta bar gida ba hanyar samu. Ta biyun ta zama ta uwa, ko ƙanen uba, ko maƙwabci.

Akwai wata mummunar al'ada da sai an kashe ta tun a nan, wato cewa “ai makon farko ba a karatu, shara ce.” Yara daga wurinmu suka koye ta. In suka zo ranar farko suka tarar da malami a aji da alli a hannu, aka kira suna, aka ba da aikin gida, labari zai zaga unguwa kafin La'asar.

Kiran suna

Rajistar aji sau biyu ake cika ta a rana, da safe da kuma bayan an dawo daga tara. Wanda ya zo da safe a ja masa karan layi, in yana nan bayan tara a ja na biyu su haɗu kamar harafin V, wanda ba ya nan a sa masa sifili. Kira na biyun nan shi malamai suka fi wasa da shi, alhali shi ke kama yaran da ke zuwa a gan su da safe, da an fita tara su haura katanga su nufi kasuwa ko gidan kallon ƙwallo.

Da biro ake cikawa, a cikin aji, yara na zaune. Kada a ba monita, kada a kai ofis a cika da ka, kada kuma a tara kwana biyar a cike su ranar Juma'a don mai duba makarantu zai zo. Na taɓa karɓar rajistar wani aji na tarar an yi wa yaro alamar zuwa har mako biyu bayan iyayensa sun tashi daga garin. Ka ɗauka yaron nan ɓata ya yi a hanya, aka zo makaranta ana tambayar ranar ƙarshe da aka gan shi. Me za mu ce? Rajista shaida ce, kuma wata rana ran yaro na iya rataya a kan gaskiyarta.

Na san uzurin malamai, ni ma na riƙe aji mai yara fiye da tamanin. Kiran suna ɗaya bayan ɗaya kan cinye rabin darasin farko, ga masu amsa wa abokansu daga bayan aji. Dabarar da ta yi mana aiki ita ce kowane yaro ya samu wurin zama tabbatacce, ko a benci ko a tabarma, a raba ajin layi-layi, kowane layi da shugabansa. Da an shiga, shugaban layi ya miƙe ya faɗi waɗanda babu. Malami ya sa sifilinsu, sannan ya ƙirga kawuna da kansa. In yawan kawuna da yawan sifili suka haɗu suka ba da jimillar aji, an gama cikin minti biyar. In ba su haɗu ba, akwai wanda ake rufa wa asiri, sai a koma kiran suna. Sau ɗaya a mako dai a kira kowa da sunansa ko da lissafi ya yi daidai, don yaro na jin daɗin a san da shi.

Mai makara kuwa a bar shi ya shiga. Zan dawo kan wannan, domin a nan muke yawan kashe kanmu.

Bayan an rufe rajista, a kwashe sunayen masu sifili zuwa littafin fashi, da kwanan wata, a bar fili don rubuta dalili. Wannan filin da ba a cike ba shi ne aikin da ke jiran malami a ranar.

Rana ta farko, ta uku, da ta biyar

Ranar farko tambaya ce kawai. “Wa ke unguwa ɗaya da shi? Kun gan shi da safe?” Yara sun fi kowa sanin labarin junansu. In suka ce yana kwance ba lafiya, a rubuta, a aika masa da gaisuwa. In suka ce sun ga an ɗora mata tire, a rubuta. Amma in wani ya ce, “Tare muka fito, Malam, da kayan makaranta a jikinshi,” to wannan ba ta jira gobe. A kira gida nan take. Sau tara cikin goma za a same shi gindin wata bishiya yana wasa, amma na goman ne ake gudu, musamman a wannan zamani da hankalin kowa ba kwance yake ba.

Rana ta biyu a buga waya. Minti ɗaya ya isa, kuma a fara da tambayar lafiya. In makaranta na da ɗan abin da kwamitin iyaye ke tarawa, a ware na katin waya, don bai kamata nauyin ya zauna kan albashin malami ba.

Rana ta uku a jere ba labari, sai a taka. Wannan ita ce ƙa'idar da na fi riƙewa da ƙarfi a duk abin da zan faɗa. Yaron da ya yi kwana uku a gida yana jin kunyar dawowa kaɗan. Wanda ya yi mako biyu ya riga ya saba da wata rayuwar, an ba shi wani aiki a gida, an wuce shi a lissafi, kuma yana tsoron bulalar da ke jiransa. Da zafi-zafi akan daki ƙarfe.

In an kai rana ta biyar, magana ta tashi daga hannun malamin aji ta koma teburin hedimasta.

Akwai kuma fashin da ba ya zuwa a jere, wanda ya fi wuyar gani. Yaro ne da kullum ranar da kasuwar garin ke ci ba ya nan, ko yarinyar da duk wata sai ta ɓace kwana uku zuwa huɗu, ko wanda Alhamis da Juma'a ba a ganinsa saboda ya haɗa hutun makarantar allo da na boko. Ba ka gane wannan sai ka bi layin yaro da yatsa daga farkon wata zuwa ƙarshe. Kada a raina kwana ɗaya a mako. Zango mai mako 13 yana da kwana 65 na karatu. Wanda ke fashin rana guda kowane mako ya rasa kwana 13, kashi ɗaya cikin biyar ke nan. In ya tafi a haka daga aji ɗaya zuwa aji shida, ya zubar da fiye da shekara guda cur, alhali kowa na ganin yana zuwa makaranta.

Zuwa gida

Yadda ka shiga ita ke yanke yadda za ka fito. Kada ka je da rajista a hammata kamar mai karɓar haraji, kada kuma ka je da rana tsaka lokacin da mai gida ke gona ko kasuwa. Bayan La'asar ko bayan Magariba ya fi. Ka tsaya a zaure ka yi sallama, a shimfiɗa tabarma, a gaisa sosai, a tambayi iyali da gona da dabbobi. Sai ka ce, “Baba, kwana uku ba mu ga yaronmu ba, shi ne na ce bari in zo in ji ko lafiya.” Kalmar “yaronmu” da gangan nake faɗinta. Mutumin da ya shirya kare kansa sai ka ga ya sauko.

Sannan ka yi shiru ka saurara. Wani dattijo ya taɓa ce mini, “Wallahi Malam mun ɗauka shina wajenku, kullum da sahe shika hita.” Ashe yaron kwana takwas yana fakewa a wani kango saboda wandon makarantarsa ya yage ta baya, 'yan aji na yi masa dariya. Allura da zare suka mayar da shi aji. Da na aika a kamo shi a zane, da na rasa shi har abada.

In yarinya ce, maganar tana cikin gida, kuma malami namiji iyakarsa zaure. A nan ake buƙatar malama, ko wata dattijuwa daga ƙungiyar iyaye mata ta makaranta. Ita ce za ta shiga ta zauna da uwar, ta ce, “Inna, mi yas samu ɗiyata?” a gaya mata abin da ba za a taɓa gaya wa namiji ba: cewa ribar tallan nan da ita ake tara kayan ɗaki, ko cewa yarinyar ta fara al'ada kuma makaranta ba ban-ɗaki mai ƙofa, ko cewa wani na tare ta a hanya. Mu Sakkwatawa bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, jajoji, wato malamai mata, ta riƙa turawa ƙauyuka su kai karatu ga matan da ba su iya zuwa inda take, tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Mace ta bi mace har ɗaki saboda ilimi, gadonmu ne.

Kada ka tashi sai an tsayar da rana: “To Baba, gobe in sha Allahu muna sa ido.” Ka koma ka rubuta abin da aka ce a littafin fashi, da ranar da ka je. Abin da ya shafi sirrin gida kuwa ka rubuta shi a dunƙule, kuma littafin ya zauna a kulle. Asirin da aka ba ka a zaure in ya fita a ɗakin malamai, ƙofar gidan ta rufe ke nan.

Kowane fashi da maganinsa

In ka riƙe littafin nan shekara guda, za ka ga fashi a ƙasar Sakkwato tafiya yake da yanayi. Buɗe makaranta a Satumba na haɗuwa da ƙarshen damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara, kuma ana shiga girbin gero. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi da hazo ke hana fitowa da wuri, kuma a lokacin ne masu sikila suka fi shan wuya. A yankunan fadama da ke bin gulbin Rima, irin su Goronyo da Wurno da Kware, aikin albasa da shinkafa na rani na janye yara maza. Maris zuwa Mayu ga zafin da ke haura digiri 40, ga ƙarancin ruwa da ke tsayar da yara a layin rijiya ko famfo har hantsi. Zango na uku kuma na ƙarewa ne ana tsakiyar shuka da noman farko. Wanda ya san wannan kalandar yakan tari abu tun bai zo ba: ya yi wa iyaye magana mako biyu kafin girbi, ya roƙi a bar yara su yi aikin gona bayan an tashi da kuma Asabar da Lahadi.

Rashin lafiya ba a jayayya da shi. In ya wuce kwana uku a nemi ganin katin asibiti, amma kada a mayar da shi sharaɗin dawowa, domin gidaje da yawa kemis suke zuwa. Akwai ma cututtukan da makaranta ce za ta ce yaro ya zauna gida har ya warke, irin ƙyanda, ƙarambau, hangum da ciwon ido mai yaɗuwa. In kuwa cikin zafi aka ga yara biyu ko uku daga unguwa ɗaya sun kwanta da zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, a garzaya asibiti kuma a sanar da jami'an lafiya na ƙaramar hukuma a ranar. Ba mu manta da sanƙarau na 2017 da ya ratsa Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu ba. Rajistar da ake cikawa da gaskiya na iya riga asibiti ganin annoba.

Talla ita ce mai taurin kai, don abinci ne. Ka ce wa uwa ta daina kawai, ka gaya mata ta kashe tukunya. Abin da ya fi karɓuwa shi ne a matsar da lokaci: yarinya ta zo makaranta da safe, in ya zama dole ta ɗauki tiren bayan an tashi, kusa da gida, ta dawo kafin Magariba. Ba shi ne abin da raina ke so ba, amma yarinyar da ke aji rabin yini ta fi wadda ba ta zuwa sam, kuma daga nan ake samun hanyar ja a hankali.

Makarar da karatun allo ke jawowa kuwa, maganinta ziyara ɗaya ce ga malamin allon, cikin girmamawa. A durƙusa a gaishe shi, a ce, “Allah shi gafarta Malam, almajiranka ne ke zo mana bayan an fara darasi, ko za a taimaka a riƙa sallamarsu da ɗan sauran lokaci?” Ban taɓa zuwa da wannan lafazin aka mayar da ni hannu wofi ba. Waɗanda ke zagin karatun allo a gaban yara su ke jawo wa boko baƙin jini.

'Ya'yan makiyaya da ke tashi da dabbobi in rani ya yi, a ba su takardar shaidar ajin da suke don su shiga wata makarantar inda suka sauka. Akwai makarantun 'ya'yan makiyaya, kuma hukumar ƙasa da ke kula da su tun 1989 take. Yaran da rashin tsaro ya taso daga gabashin jiha, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah, in suka zo ƙofarka a karɓe su a zaunar a aji tukuna, takarda ta biyo baya. Wanda ya gudo da dare bai tsaya ɗaukar katin sakamako ba.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Wani fashin mu ke haddasa shi. Yaro ya makara da minti goma saboda ya ɗebo wa gida ruwa, ya iso ƙofa ya tarar da bulala da tsallen kwaɗo da tsintar leda har darasi biyu su wuce. Gobe in ya ga ya makara, lissafi zai yi: gara ya fake a wani wuri har a tashi. Mun mayar da mai makara mai fashi da hannunmu. A rubuta sunan mai makara, a bar shi ya shiga aji, in horo ya zama dole a yi shi lokacin tara ko bayan tashi, kuma ya zama aiki mai amfani kamar ban ruwan itatuwa. In makarar ta kai sau uku a mako, a bi ta kamar yadda ake bin fashi.

Haka korar yara saboda kuɗin PTA, wato ƙungiyar iyaye da malamai, ko rashin takalmi, ko rashin littafi. Bashin uba ne, a bi uba. Haka malamin da ke zagin yaro da iyayensa, da manyan ɗalibai masu ƙwace kuɗin tara. Sai kuma babbar, wadda ba ma son a taɓo: fashin malamai. Ajin da malaminsa ke zuwa kwana uku a mako ba shi da bakin tuhumar kowa. Hedimasta ya ɗora littafin sa hannun malamai kusa da rajistar azuzuwa ya duba, zai ga sifilin yara na bin sawun na malaminsu.

In abin ya fi ƙarfin makaranta

An kira waya, an je gida sau biyu, an yi alkawari an saɓa. Yanzu hedimasta zai rubuta takardar gayyata, ya ajiye kwafi, ya kai maganar gaban kwamitin kula da makaranta na al'umma, wato SBMC. Amfanin kwamitin shi ne a cikinsa akwai mutanen da uban yaron ke jin kunya: mai unguwa ko wakilinsa, liman, dattawa mata, tsofaffin ɗalibai. Sau da yawa kalma ɗaya daga liman bayan sallar Asuba ta fi takarda goma. In ya faskara a je wurin hakimi, daga nan uban ƙasa, a kuma rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, wanda shi ke isar da rahoto ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB.

Doka na bayan makaranta, ya kamata iyaye su san haka. A nan Sakkwato Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na ƙasa, wato UBE, ranar 30 ga Satumba 1999, kuma dokar da ta biyo baya a 2004 ta wajabta wa kowane uba ko mariƙi ya tabbatar ɗansa ya yi shekara tara na karatu kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Wanda kotu ta kama da saɓawa, karon farko tsawatarwa ce, na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan Naira 5,000 ko wata biyu, kuma ana iya haɗa masa tarar da ɗaurin. Nakan karanta wa iyaye wannan a taron farkon shekara don su san maganar ba son ran hedimasta ba ce. Amma ban taɓa fara zance da ita a zauren kowa ba. Uban da ka tsorata da kotu zai iya turo yaro mako guda, sannan ya tura shi wani gari inda hannunka ba ya kaiwa.

In bincike ya nuna ana cutar da yaron ne, duka mai tsanani, ko yunwa, ko abin da ya fi haka muni, wannan ya wuce sulhun zaure. A sanar da sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ba tare da jinkiri ba.

Ranar da ya dawo

Duk wahalar da aka sha a baya, a minti biyun farko ake iya zubar da ita. Kada a ce, “A'a, yau baƙo muka yi!” aji ya fashe da dariya. A ce masa sannu da zuwa kamar kowa, ya zauna wurinsa, wanda ya kamata a ce an tsare masa. Bayan darasi a kira shi gefe a nuna masa abin da ya wuce, a haɗa shi da wani mai ƙoƙari da zai ara masa littafi ya kwafa. In gwaji ya wuce shi kuma uzurinsa karɓaɓɓe ne, a yi masa nasa, don makin gwaje-gwajen nan na shiga sakamakon ƙarshen zango. Mako biyu na farko a sa masa ido sosai. A nan ake yawan komawa ruwa.

Lissafin Juma'a

Kowace Juma'a kafin a tashi, malamin aji ya haɗa jimilla. Yaro ɗaya na da zuwa 10 a mako, safe da rana. Aji mai yara 60 ke nan yana da 600. In aka ƙirga aka samu 480, an samu kashi 80 cikin ɗari. A fitar da na maza daban, na mata daban, don wani lokaci jimillar na da kyau alhali 'yan matan aji biyar da shida na ta raguwa a ɓoye. Hedimasta ya sa hannu bayan ya karanta, ya kuma tambayi sunaye: su wa da wa suka ja lissafin ƙasa, an je gidajensu?

Soke suna daga rajista shi ne abu na ƙarshe, kuma hedimasta ne kawai ke yinsa, bisa ƙa'idar ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Kafin a ja layi a kan sunan yaro, a rubuta inda yake: ya koma makaranta kaza da takardar canji, iyayensa sun ƙaura gari kaza, an yi mata aure, ya rasu. “Ya daina zuwa” ba amsa ba ce da nake karɓa daga malamaina.

A ƙarshen shekara, cikin Yuli, rajista kan tafi kabad ɗin ofis, amma littafin fashi bin yaran yake. Malamin aji uku ya miƙa wa na aji huɗu hannu da hannu, su zauna rabin awa su bi shi shafi-shafi: wannan mai sikila ne, a kula da shi cikin hunturu, wannan kakarta ke riƙonta, wayar maƙwabci ake kira, waɗannan ukun girbi ke ɗauke su. Sabon malamin ya ware sunaye biyar ko shida da suka fi yawan sifili, ya leƙa gidajensu a makon ƙarshe na hutu, ya gaisa, ya gaya musu ranar da za a koma.